Daga Inda Baba Ya Fara Zane

Ni tun ina yaro ba na son jira. Inna takan gaya wa maƙwabta, ina jin ta, wai da ana barin ɗa ya zaɓi ranar haihuwarsa da tun a wata bakwai na fito don kada wani ya riga ni. Ba ta faɗa mini a fuska, domin ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta kallona kai tsaye. In tana da magana da ni sai ta juya wajen bango ko wajen kaji ta faɗa, ni kuma in tsinta. Sai ga shi Allah ya haɗa ni da uba mai zanen hula, sana'ar da ba ta san gaggawa ba.

Baba mutumin Katagum ne, ya dawo Azare da zama tun kafin a haife ni. Aikinsa ya ɗora allon katako a cinya, ya shimfiɗa farin yadi, ya zana adon hula da biro mai launi-launi, matan unguwa su aiko a karɓa su bi layin da allura da zare. Zanen da ya fi so kuwa Inna yake ba wa. Su biyun suna da wata ɗabi'a da ban ga wasu da ita ba. Duk inda bakin biro ya fara sauka a kan yadi yakan bar ɗan ɗigon tawada, to a nan Inna take soka allurar farko, sannan ta bi zanen yadda hannunsa ya bi, layi bayan layi. Ta ce in aka fara daga wani wurin zaren yakan yi gardama, hular ta fito a karkace. Ko haka ne, ko sabo ne kawai, ban sani ba, ban taɓa riƙe allura ba.

Na yi karatun kwamfuta a Bauchi, na dawo gida a tsakiyar shekarun casa'in da takardar shaida da girman kai, babu aiki. Wanda ya ɗauke ni wani ɗan kasuwa ne mutumin kudu da ya daɗe a Azare, har ya iya zagi da Fulatanci. Yana sayar da littattafai da kayan rubutu kusa da kasuwa, yana da injin hoton takarda da tsohuwar kwamfuta guda ɗaya da ya sayo a hannu. Oga muke ce masa. Aikina buga wasiƙun neman aiki da katin ɗaurin aure, wato abin da duk mai yatsu goma zai iya.

A daidai lokacin ne hannun Baba ya fara rawa. Da farko sai ya ɗauki kofin shayi ake gani, daga baya layi ya fara kauce masa a kan yadi, ita kuma tawada ba ta goguwa. Mata suka fara aika yadinsu wajen samarin da ke zane a bakin kasuwa. Bai yi ƙorafi ba. Yakan zauna a zaure da allon a cinya, babu yadi a kai, yana amsa gaisuwar masu wucewa. Abin ya tsaya mini a rai, ba don tausayi kaɗai ba, har da haushi. Ga inji can a shago wanda hannunsa ba ya rawa, an ajiye shi yana buga sunayen angwaye.

Sai na rubuta masa manhaja. Ba wata babba ba ce. Fuskar kwamfutar takan zama farin yadi mai tsawon jikin hula, mutum ya tura kibiya ya danna nan, ya danna can, injin ya ja layi tsakaninsu, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. In bai yi ba, a nuna layin da kibiya a danna, a goge shi ko a matsar da shi. In an gama a buga a takarda, a ɗora kan yadi da takardar kabon a bi. Oga ya yarda mu riƙa amfani da injin bayan la'asar, domin tuni ya hango ranar da zai riƙa sayar wa mata zanen hula a takarda kamar yadda yake sayar da katin biki.

Kullum nakan goyo Baba a keke in kawo shi. Da Oga ya gaya masa ma'anar sunan ɗan abin da ake tura kibiyar da shi, sai ya riƙa ce masa ɓera. Yakan kama shi da hannu biyu, na hagu ya danne na dama don ya rage rawa. Cikin 'yan makonni ya fara fitar da zane, mu buga mu kai gida. Layin firinta duk kaurinsa ɗaya, babu ɗigon farawa, saboda haka shi da kansa yakan ɗora babban yatsa a kan takardar ya ce wa Inna, "Nan." Ita kuma ta sa alama.

Manhajar tana da aibi biyu, duka a ɓangaren da ke riƙe da layukan. Na farko, in an danna, dole injin ya gano wane layi ne a ƙarƙashin kibiyar, ni kuma hanyar wawaye na ba shi. Yakan bi layukan duka tun daga na farko har na ƙarshe, yana auna kowanne ko shi aka taɓa. Zanen hula ɗaya layuka ne barkatai, don haka in Baba ya danna sai a yi shiru, a yi ta sauraro, kafin amsa ta zo. Kuma sai kibiyar ta hau kan layin daidai wa daida. Layin siriri kamar zare, hannun yana rawa. Sai ya danna sau da yawa bai kama ba, in ma ya kama ya kamo na kusa da shi. Wannan yana ɓata masa rai, ina ganin jijiyar wuyansa tana tashi, amma bai taɓa ture ɓeran ba.

Na biyu, duk abin da aka taɓa, ko da ɗigo aka matsar, sai injin ya share fuskar gaba ɗaya ya sake zana komai tun daga layin farko, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Wannan ni yake kashewa. Nakan tsaya a bayan Baba ina kaɗa ƙafa ina tsaki. Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan jingina, ya ɓare goro, ya zuba wa zanensa ido yana fitowa, ya ce, "Bar shi, bita yake yi." Na ce zan gyara duka biyun da zarar na samu sarari. Ya ce in fara da na ɓeran.

Sararin bai samu ba sai bayan ya rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki a tsakiyar bazara, muka kai shi asibiti a zaune, muka dawo da shi a kwance. Na tsaya aka yi masa wanka, na ɗauki makara, na shiga kabari na karɓe shi, duk ina jiran in ji wani abu. Ban ji ba. Abin da na fi tunawa shi ne zafin ƙasa a tafin ƙafata. Mutane suka zo daga Katagum, daga Misau, daga Gadau, suna cewa ya ƙarin haƙuri, ina cewa da godiya, bakina yana aikinsa shi kaɗai. Kawu, ƙanin Inna da ke zaune a Gamawa, ya nuna ni ga jama'a ya ce yaron nan akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Zuciyar ce ta yi kamar hannun da aka kwanta a kai, ka tsunkule shi ba ka ji.

A ƙofar gidanmu akwai gurbin dara da tsofaffin unguwa suka haƙa a ƙasa, an dakatar da wasa saboda rasuwar. Ina zaune a tabarma ranar zaman makoki ina kallon ramukan, liman yana addu'a, sai na ga maganin aibin farko. In aka raba fuskar kwamfuta gida-gida kamar na dara, kowane gida ya san layukan da suka ratsa ta cikinsa, to in an danna ba sai an tambayi kowa da kowa ba, 'yan gidan da kibiyar ta sauka kaɗai za a tambaya. Na shafa fatiha tare da jama'a ina tunanin faɗin da ya kamata gidajen su yi. Na san ba wannan ya kamata ɗa ya tuna a irin ranar ba, amma shi ya zo mini, wani bai zo ba.

Ana yin addu'ar bakwai na koma shago. Oga ya ce in tafi gida in huta, shago ba zai gudu ba. Na ce akwai wuta, asara ce a bar ta. Ya dube ni, ya miƙo mini makullin ɗakin kwamfuta.

Daga nan har damina ta sauka ban yi wani abu ba sai wannan. In na gama buga wasiƙun mutane sai in koma kan manhaja. Na yi gidajen darar. Na kewaye kowane layi da akwati marar ganuwa, domin tambayar ko kibiya tana cikin akwati ta fi auna lanƙwasa sauƙi nesa ba kusa ba, duk wanda akwatinsa bai taɓu ba sai a wuce shi. In layuka biyu suka hau juna a wuri ɗaya, na sa a ɗauki wanda ya zo daga baya, tunda shi ne a sama. Sannan na hana injin share fuska duka. In an taɓa wuri, wurin kaɗai zai goge ya sake, kamar mai facin taya. Na sa ya riƙa haɗa hoton a ɓoye cikin ƙwaƙwalwarsa, sai ya kammala ya jefo shi gaba ɗaya. Na sake jera layukan a ma'ajiya bisa gidajensu don ɗaukowa ta yi sauri. Faifan ajiya yana wuya a lokacin, sai an je Kano, saboda haka duk sabon da na yi a kan tsohon nake ɗora shi.

Ba zan ce aikin ya yi mini daɗi ba, ba kuma zan ce ya dame ni ba. Nakan zauna da safe, in ɗaga kai in ji ana kiran azahar. Abinci in an kawo in ci, ko tuwo ne ko ƙasa ban bambance ba. Abokai suka riƙa zuwa suna cewa in saki jiki in yi kuka in huta, kamar kuka famfo ne da ake murɗawa. Na ce musu in ya zo zan aika a kira su.

Na ƙarshe da na gyara shi ne wanda Baba ya ce in fara da shi. Na ba kibiyar rangwame, ba sai ta hau kan layi ba, in ta zo kusa da shi injin ya duba wanda ya fi kusa ya kama. Na gwada da hannu biyu, na hagu a kan na dama, ina karkaɗa su da gangan yadda nasa ke yi. Duk dannawa sai ya kama layin da nake nufi. Ihu bayan hari. Na zauna ina ta dannawa har aka ɗauke wuta, na tashi na rufe injin da ƙyallensa.

Sauri kam an samu. Ka buɗe zane, kafin ka ɗauke yatsa ya cika fuska. Oga ya yi ta kiran maƙwabtan shago su zo su gani, abin nema ya samu. Ni ma na kalla, na ga ya yi.

Duk wannan lokacin Inna tana takaba. Ba kwalli, ba lalle, ba fita ko zaure, tana zaune a ɗakin Baba a ƙarƙashin taga inda ta saba ɗinki, hannunta babu komai. Kawu ya riga ya yanke magana, ranar da ta fita takaba zai zo da mota ya tafi da ita Gamawa, tunda ni tuzuru ne, babu matar da za ta zauna da ita. Ban musa ba. A lokacin ko cewa aka yi za a kwashe rufin gidan, to zan ce.

Wata rana ina buɗe tsofaffin zanen Baba don gwada sauri, na ci karo da na ƙarshe, wanda yake kai lokacin da zazzaɓin ya kama shi. Bai gama ba, a gefe ɗaya akwai fili fari kamar faɗin tafin hannu. Na buga shi na kai gida, ba don wani dalili ba sai don na ga bai kamata ya zauna a shago ba. Inna ta karɓa, ta shimfiɗa takardun a tabarma ta haɗa bakinsu, ta ciro zare ta auna tsawon. Ta daɗe tana kallon zaren. Sannan ta juya wajen bango ta ce wannan kan ai na gidan nan ne, duk Azare mutum ɗaya ne ke yawo da irin wannan tulun a wuya. Sai a lokacin na san hular tawa ce. Bai gaya mini ba, ina tsaye a bayansa kullum ina tsaki.

Ta juya takardar dama, ta juya ta hagu, ta kai ta kusa da ido. Ta tambayi bangon, "Daga ina ya fara?"

Na ce ban sani ba, amma ko daga ina aka fara ai zanen ɗaya ne. Ta naɗe takardun ta sa a ƙarƙashin matashi. Washegari ina shan kunu na ji tana gaya wa kaji cewa ɗinkin Malam a gidan Malam ake yin sa, ba za ta ɗauki zanensa ta kai wani gari ba, kuma ba za ta soka allura inda bai nuna ba. Takabar ta riga ta yi nisa, hula kuma ba a kwana biyu ake ɗinka ta ba, balle idon Inna ya fara rauni. In ba ta fara da wuri ba, ba za a yi hular ba ke nan.

A shago na zauna na duba abin da na yi. Da tsohuwar manhajar ce, mai jan ƙafar nan, da buɗewa kawai za a yi a ga layin farko ya fito, na biyu ya biyo shi, kamar yadda ya saka su. Ita kuwa babu ita, na ɗora sabuwa a kanta, sabuwar kuma ta jera layukan bisa gidaje, tana jefo su a dunƙule. Na buɗe zanen ya fi a ƙirga, kowane karo sai ya faɗo gaba ɗaya, kamar bai taɓa samun farko ba.

Na gwada dabara. Na san Baba yakan so farawa daga dama, sai na ɗauki takardar a ɓoye na ɗiga biro a ƙasan gefen dama, na ce mata na duba, nan ne. Ta kalli ɗigon ta ce wa taga, "Wannan na mai tulu ne, ba na Malam ba." Ta mayar ƙarƙashin matashi. Na ji haushi, na fita ban ci abinci ba. Shi ne abu na farko da na ji tun bazara, kuma bai daɗe ba ya wuce.

Kwanaki suna ta tafiya. Wata ranar da ruwa ya hana mutane fitowa, Oga ya ja kujera kusa da ni yana wasa da ɓeran, yana kama layuka yana saki. Ya kai kibiya inda layuka biyu suka gitta juna ya danna, ɗaya ya kamu. Ya tambaye ni yaya injin ya san wanda zai ɗauka. Na amsa ba tare da na ɗaga kai ba, na ce na baya yake ɗauka, kowane layi yana ɗauke da lambar zuwansa, ban goge ta ba don da ita ake sanin na sama. Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa. Na ce ya tashi mini daga kujerar.

Aikin bai kai na rabin yini ba. Na rubuta ɗan ɓangaren da zai jera layukan bisa lambar zuwa, ya zana su ɗaya-ɗaya. Na gwada, sai ya gama kafin in kifta ido, saboda duk saurin da na cusa masa yana nan. Dole na sa masa birki. Bayan kowane ɗan taƙi na layi na sa injin ya tsaya yana ƙirga iska, ba don komai ba sai don ya ɓata lokaci. Na ƙara, na ƙara, har layin ya koma tafiya irin ta biro a hannun mutum. Oga yana tsaye a baya ya ce, "Tun bazara kana koya mata gudu, yau kuma rarrafe?" Na ce e. Ban bari ya kai ƙarshe ba na tsayar da shi, ban so in riga Inna gani.

Saura kai injin gida, tunda ita ba ta fita. Oga ya ce sam, kwamfutarsa ba ta taɓa shan iskar titi ba tun da ta shigo shagon. Ban roƙe shi ba, na gaya masa abin da ake ciki kawai, na koma kan wasiƙun mutane. Ranar Lahadi da ya dawo daga coci sai ga shi a ƙofar gidanmu da mai kura, an naɗe injin da bargo kamar jariri, shi kuma yana biye yana yi wa mai kurar faɗa a kan kowane rami. Ya zauna a zaure a tabarmar Baba, ni na shiga da kayan ciki na haɗa su a kan akwatin ƙarfe a ɗakin.

Babu wuta. Muka zauna jira, ni a bakin ƙofa, ita a ƙarƙashin taga, Oga a zaure yana fira da tsofaffin da suka dawo kan dararsu. Ban kaɗa ƙafa ba. Bayan azahar fanka ta motsa, yaran unguwa suka yi ihun da suka saba, na kunna.

Inna ta zauna nesa da farko, ta rufe rabin fuska da mayafi, don ba ta taɓa ganin kwamfuta ba. Fuskar kwamfutar ta yi fari. Sai ɗigo ya fito, ba a dama ba, a tsakiya, daidai inda zai zauna a goshi, ya fara tafiya sama a hankali. Ta ce, "To." Ta matso da gwiwa har ta kai gaban akwatin. Ta ɗaga yatsa, ba ta taɓa gilashin ba, ta riƙa tafiya da shi a gaban layin. Duk inda yatsan ya nufa sai layin ya biyo, ta lanƙwasa ya lanƙwasa, ta ɗaga ta koma ƙasa, sabon layi ya tsiro a wurin. Ni na yi watanni a bayan mutumin nan yana wannan zane ban san abin da zai biyo wani ba.

A wani wuri yatsanta ya yi hagu, layin ya yi dama. Ta tsaya, ta bi shi da ido har ya zagayo ya rufe wani ɗan ƙaramin fure da ba ta zata ba. Ta yi dariya gajeriya ta hanci ta ce, "Ka gan shi ko. Taurin kai."

Haka aka yi ta tafiya, fuskar tana cika daga tsakiya zuwa gefe. Da aka zo kusa da farin filin, wani layi ya taso zai lanƙwasa, ya kai rabi, ya tsaya. Yatsanta ya riga ya wuce gaba, yana rataye a kan farin. Ta jira. Fanka tana juyawa, saboda haka ta san ba wuta ba ce. Na ce nan ya tsaya. Na ƙara da cewa injin zai iya kwafo ɗaya gefen ya juya shi ya cike wurin, ba wanda zai gane, kuma ba zai ɗauki lokaci ba. Ta sauke hannunta a cinya. A karo na farko da zan iya tunawa ta juyo ta dube ni, ba bango ba, ta ce, "A'a. Sake."

Na sake. Da ya kai rabin layin nan ya tsaya ta ce sake, na sake. Muna haka har aka ɗauke wuta gab da la'asar, Oga ya naɗe abinsa a bargo ya tafi.

Washegari na bi zanen a kan yadi da kabon, tana zaune tana gaya wa taga wanda zan bi bayan wanne, ba ta ɓata ko ɗaya ba. Ɗigon farawa ita ta sa shi da hannunta. Daga ranar kullum in na fita tana ɗinki, in na dawo tana ɗinki, yadin kusa da hancinta. Ta gama ana saura 'yan kwanaki ta fita takaba. Ta ɗinka har rabin layin, ta ƙulle zaren a wurin ta yanke. Na kai wa mai haɗi ya haɗa jiki da kai, na kai wa mai wanki ya wanke ya ɗora a kan itace ya buga, kowannensu ya buɗe baki zai yi magana a kan farin wurin, na ce a yi aiki kawai.

Ranar da Kawu ya zo da mota, na loda akwatin ƙarfen da tabarmi da buhun zarenta. Hular ta bar ta a kan matashin Baba. Ta shiga mota, ta gaya wa gilashin taga cewa wani ya riƙa cin abinci. Suka tafi. Na share tsakar gida, na ba kaji dawa, na rufe ɗakin. Har lokacin shiru, ban ji komai ba.

Ranar Juma'a na sa hular. Ta zauna mini daidai, ba ta matse ba, ba ta yi sako-sako ba, kuma ban san ranar da Baba ya auna ni ba. Farin wurin ya faɗo a ƙeya. Na je masallaci na samu sahu a waje ƙarƙashin darbejiya, na zauna ana huɗuba. Da aka sallame, wani dattijo da ban sani ba a sahun baya ya taɓa kafaɗata, ya sunkuyo ya rage murya don kada ya kunyata ni, ya ce, "Samari, an cuce ka. Mai hular nan bai ƙarasa maka ba, ka mayar masa."

Na buɗe baki in ce masa to. Maganar ba ta fito ba, kuka ne ya fito, irin na yara, mai sheƙa da majina, a gaban jama'a ana neman takalma. Dattijon ya ruɗe, ya riƙe hannuna yana cewa in yi haƙuri, ai hula ce kawai, in an kai masa zai gyara.